Babi na Biyar: Bidiyon Wane Malami Zan Bi?

"Bidiyon wa ya fi?" Da wuya mai niyyar karatun lauya a Amurka ko Kanada ya yi mako guda yana shirin jarrabawar LSAT bai yi wannan tambaya ba. Da ya buɗe YouTube sai malamai su yi masa caa. Wannan ya ce a fara karanta tambaya kafin bayanin da ke samanta, wancan ya ce yin haka ɓarnar lokaci ce. Wannan ya cika allo da haruffa da kibiyoyi, wancan ya ce a ajiye alƙalami a yi tunani kawai. Kowa a cikinsu yana nuna makin da ya ci, kowa yana da ɗaliban da ke yabonsa. Sai ɗalibi ya yanke shawarar da a ido take kama da wayo: bari ya tsinci kaɗan a wurin kowa. Matsayin wannan babi shi ne, shawarar nan tana cutarwa a watannin farko, kuma daɗin bakin malami ko sunan kamfaninsa ba su isa ma'auni ba. Abin aunawa shi ne ko yana bin hanyar da ya koyar, tambaya bayan tambaya, har a inda tambayar ta yi tsauri.

Abin da ake gwadawa

A Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare kamar yadda ake yi a Najeriya. Sai mutum ya gama digirin farko a kowane fanni, sannan ya nemi gurbin digirin JD na shekara uku. Tun 1948 LSAT ce babbar ƙofar wannan gurbi, kuma hukumar LSAC da ke garin Newtown a jihar Pennsylvania ce ke shirya ta. Maki yana farawa daga 120 ya tsaya a 180. Matsakaicin mai rubutawa yana samun 150 da 'yan kai, alhali fiye da rabin waɗanda Yale da Harvard ke ɗauka sun haura 170. Daga watan Agustan 2024 jarrabawar sassa huɗu ce, kowanne minti 35: biyu na auna hujja, ɗaya na fahimtar dogon rubutu, sai na huɗu da ba a lissafa makinsa, hukumar tana gwada sababbin tambayoyi ne da shi, kuma ba a gaya wa ɗalibi wanne ne.

Babu tambayar doka ko ɗaya a ciki. A sashen auna hujja ana ba ka ɗan sakin layi inda wani ya kafa dalilai ya kai ga matsaya, sai tambaya, sai zaɓi biyar. Tunda babu abin haddacewa, hanya kaɗai malami yake koyarwa: me za ka fara kallo, me za ka tambayi kanka, da wane dalili za ka jefar da zaɓi. A darasin tarihi in malami ya rikice, ɗalibi zai koma littafi ya ga shekarar da aka yi yaƙin. A nan babu littafin komawa. In hanyar ta sauya daga bidiyo zuwa bidiyo, ɗalibi ya tashi hannu rabbana.

Saɓanin malamai

Saɓanin na gaske ne, kuma tsoho ne. Kamfanin Kaplan, wanda Stanley Kaplan ya faro a gidan iyayensa a Brooklyn a 1938, yana koyar da a fara gane irin tambayar kafin a karanta sakin layin, domin mai karatu ya san abin da yake nema. PowerScore na Dave Killoran ya ce a'a, a fara da sakin layin, domin wanda ya fara da tambaya yakan koma ya sake karanta ta, ya yi aiki biyu. Har sunayen nau'o'in tambayoyi ba su zo ɗaya ba. Nau'in da wani ya kira da suna guda, wani ya raba shi gida biyu, wani kuma ya haɗa shi da maƙwabcinsa.

Duk wannan bai kai rikicin jumlolin sharaɗi ba. Da Turanci ake jarrabawar, amma ginin maganar ɗaya ne da namu, don haka ɗauki wannan: "Ba za a saurari ƙara ba sai an biya kuɗin rajista." PowerScore yana koyar da cewa abin da ya biyo bayan "sai" shi ne sharaɗin dole, a sa shi a ƙarshen kibiya, ɗaya ɓangaren kuma a juya shi a sa a farko. Sakamako: in an saurari ƙara, to an biya. A tsarin kamfanin 7Sage kuwa, ɗalibi zai ɗauki ɓangare ɗaya ya kore shi ya sa shi a farkon kibiya, ya bar ɗayan yadda yake. Sakamako: in ba a biya ba, ba za a saurara ba. Maganar guda ce aka faɗa ta fuska biyu, kuma duk wanda ya bi ɗayansu har ƙarshe zai ci tambayar. To amma dubi wanda ya kalli bidiyon farko ranar Litinin, na biyu ranar Laraba. Ya riƙe daga na biyu cewa ana kore abin da ya biyo bayan "sai", ya riƙe daga na farko cewa wurinsa ƙarshen kibiya. Abin da zai rubuta shi ne: in ba a saurari ƙara ba, to ba a biya ba. Wannan ƙarya ce, domin mutum yana iya biya a ƙi sauraronsa saboda wani dalili dabam. Kuma irin wannan juyin ne masu tsara jarrabawar suke yawan ajiyewa cikin zaɓi biyar ɗin a matsayin tarko.

Wanda ya san karatun Alƙur'ani a ƙasar Hausa ya san wannan hali. Riwayar Warshu da ake karantawa a tsangaya ingantacciya ce, riwayar Hafsu da ta yawaita a Islamiyya ma ingantacciya ce. Amma yaron da ake biya wa wannan da safe, waccan da yamma, tun bakinsa bai faɗa kan ɗaya ba, yakan fito da karatun da ba na kowa ba. Malamai suna barin almajiri ya ƙware a riwaya ɗaya tukuna, sannan ya nemi ta biyu.

Daƙiƙa 84

Me ya sa cakuɗawa take da tsada haka? Lissafi ne. Sashen auna hujja yana ɗauke da tambayoyi wajen 25 a minti 35, wato daƙiƙa 84 ga kowace tambaya, har da karatu da zaɓe. Abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa tana juyawa a lokaci guda kaɗan ne. Masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan ya kimanta shi da abubuwa wajen huɗu. Hujja mai dalilai biyu da matsaya da giɓi a tsakani ta riga ta cinye wurin. In ɗalibi zai ƙara da tunanin "wace hanya ma zan bi?", wani abu zai faɗi, kuma yawanci kalma ɗaya ce ƙarama irin "wasu" ko "galibi" wadda amsar ta rataya a kanta.

Maganin shi ne matakan su zama jiki, su daina cin wuri. A 1977 Walter Schneider da Richard Shiffrin suka nuna sharaɗin faruwar haka. Sun sa mutane neman wasu haruffa a cikin tarin da ke giftawa a allo. Inda harafin da ake nema kullum shi ne abin nema, bayan dogon atisaye sai mutane suka riƙa cafke shi ba tare da wahala ba, ko da an ƙara yawan haruffan. Inda kuma harafi yau abin nema ne, gobe abin watsarwa, aikin ya ci gaba da zama mai nauyi duk da atisayen. Da aka juya wa waɗanda suka saba ƙa'ida, abin nema ya koma abin watsarwa, sai suka koma baya fiye da yadda suka fara. Gano giɓin hujja ya fi gano harafi zurfi, ba shakka. Amma darasin ya shafi ƙananan ayyukan da ke ƙarƙashinsa: ka ga "domin" ka san dalili na tafe, ka ga "sai" hannunka ya san inda zai sa kibiya. Waɗannan ba sa zama jiki sai in alama ɗaya tana kiran aiki ɗaya kowane lokaci.

Inda malami yake saɓa wa kansa

Da matsalar ta tsaya a saɓanin kamfanoni, da maganinta mai sauƙi ne: zaɓi ɗaya ka zauna. Wadda ta fi ɓoyuwa ita ce ta cikin gida. Bidiyon shiri iri biyu ne. Akwai na darasi, inda malami yake shimfiɗa hanya, akwai kuma na warware tsofaffin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na farkon 'yan dozin ne, an tsara su da kyau. Na biyun dubbai ne, domin tambayoyin da LSAC ta saki dubbai ne, kuma a babban kamfani ba lallai mutum ɗaya ne ya naɗe su ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. A cikin na biyun ɗalibi yake ƙarar da mafi yawan sa'o'insa.

Ga misali. Wani jami'i ya ce: "Tun da aka sa fitilu a titunan unguwar, rahoton satar motoci da ke zuwa ofishin 'yan sanda ya ragu. Saboda haka fitilun sun rage sata." Tambaya: wane zato ne dole hujjar ta dogara a kansa? A bidiyon darasi malami ya koyar da matakai a jere. Ware matsaya, wato fitilu sun rage sata. Ware dalili, wato rahoto ya ragu. Faɗi giɓin da bakinka: raguwar rahoto ba lallai raguwar sata ba ce. Sannan duk zaɓin da ya yi kama da amsa, kore shi ka gani. In zaɓin ya ce "mazauna unguwar ba su rage kai ƙara a kan satar da aka yi musu ba", korewarsa ita ce sun rage kai ƙara, kuma da zarar an yarda da haka hujjar jami'in ta rushe. Wannan ne ya tabbatar da shi amsa. Tsaf.

Sai a je bidiyon warware wata tambaya mai wuya ta wannan nau'in. Malamin ya karanta sakin layin da sauri, bai ware matsaya ba, bai faɗi giɓi ba. Ya sauka kan zaɓi: "A ya fita daga batu. B ya yi ƙarfi da yawa. C, kai, wa ya damu da wannan? D, yauwa, ga shi nan." Ya yi minti ɗaya yana bayanin kyawun D, bai gwada korewa ba ko sau ɗaya. Duk abin da ya faɗa yana iya zama daidai. Amma ba hanyar da ya koyar ce ta kai shi D ba. Takardar amsoshi ce ta kai shi, domin ya san amsar kafin ya kunna kyamara. Baruch Fischhoff ya nuna tun 1975 cewa wanda aka gaya wa yadda abu ya ƙare yakan ga kamar dama can a fili yake, kuma ba ya iya cire sanin daga hukuncinsa ko ya so. Malamin ba maƙaryaci ba ne. Da gaske D ta yi masa haske. Ɗalibin da zai zauna a gaban tambaya ba tare da takardar amsa ba shi ne aka bari a duhu.

Waɗancan gajerun dalilan na jefar da zaɓi ma abin lura ne, domin a nan rashin daidaito yake yin ɓarna mafi girma. "Ya yi ƙarfi da yawa" dalili ne mai kyau a tambayar zaton dole, tunda hujja ba ta cika buƙatar magana mai faɗi irin "duka" ko "har abada". Amma a tambayar da ke neman zaton da zai rufe giɓin ruf, ƙarfin zaɓi ado ne. "Ya fita daga batu" yana aiki a tambayar da ta ce me za a iya tabbatarwa daga bayanin. A tambayar ƙarfafa hujja ko raunana ta kuwa, amsar daidai sau da yawa sabon bayani take kawowa daga waje. Malamin da ke furta waɗannan kalmomi ba tare da ɗaure su da nau'in tambaya ba yana koya wa ɗalibi ƙa'idar da za ta ci masa rabin tambayoyi, ta kayar da shi a sauran rabin, shi kuma ya kasa gane dalili.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kallo yana yaudara. A 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Chicago suka sa wasu mutane kallon bidiyon gwanin jifan kibiyar hannu, wasu sau ɗaya, wasu sau 20. Masu kallo sau 20 sun yi hasashen za su ci maki mai yawa, da aka ba su kibiya kuwa ba su fi sauran ba. Mai kallon bidiyon warwara yana gyaɗa kai a kowace jumla, yana jin ya gane, domin bin bayani ya fi samar da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Saboda haka jin daɗin bidiyo ba shaida ba ne.

Akwai gwajin da ya fi shi, kuma ba ya cin fiye da awa ɗaya. Kalli bidiyon darasi na nau'in tambaya guda, ka rubuta matakan a takarda. Sannan nemo bidiyon warwara biyar na wannan nau'in daga malamin ko kamfanin, ka zaɓi masu wuya, waɗanda galibi ke can cikin rabi na biyu na sashe. Duk matakin da ka ga an yi, sa masa alama. In takardar ta cika da alamu, ka samu malami. In matakan sun bayyana a tambayoyi masu sauƙi suka ɓace a masu wuya, to hanyar ta ado ce, kuma ta gudu a daidai wurin da ake biyan kuɗi dominsa.

"Ai bambanci yana ƙara ilimi"

Mai ja zai ce binciken koyo ya nuna akasin haka. Robert Bjork ya daɗe yana nuna cewa wasu wahalhalu suna ƙarfafa koyo, kuma cakuɗa darussa yana cikinsu. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada haka a 2007: ɗaliban da suka yi atisayen lissafin girman siffofi huɗu a cakuɗe sun ci kashi 63 cikin ɗari bayan mako guda, waɗanda suka yi kowace siffa a rukuninta suka ci kashi 20. Wannan gaskiya ne, kuma mai shirin LSAT ya kamata ya yi aiki da shi. Sai dai a duba abin da aka cakuɗa. Tambayoyi aka cakuɗa. Ƙa'idar lissafin kowace siffa tana nan yadda take, babu wanda aka ba ƙa'ida biyu masu karo da juna a kan siffa ɗaya. Amfanin cakuɗawar shi ne tana tilasta wa ɗalibi ya gane wace irin tambaya ce a gabansa kafin ya zaro makaminta, kuma hakan yana buƙatar makamin ya zauna wuri ɗaya. Don haka a gauraya tambayar raunanawa da ta zato da ta gano kuskure a zama guda, a bar hanyar kowacce ta tsaya.

Ja na biyu ya fi nauyi. Gwanaye ba sa bin matakai. Mai cin 175 ba ya zana kibiya a kowace jumla, yana ganin giɓi ne kai tsaye, kuma akwai malamai, irin na LSAT Demon, da suka gina koyarwarsu a kan rage zane da sunaye, a dogara da karatu na natsuwa. Ashe tilasta wa malami ya bi matakai ba tilasta masa ya yi wasan kwaikwayo ba ne? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Slava Kalyuga da John Sweller da abokan aikinsu sun nuna a 2003 cewa bayani daki-daki da ke taimakon sabon shiga yakan zama kaya ga wanda ya ƙware. Amma abin da wannan ya nuna shi ne mataki yana da lokacin ajiyewa, kuma aikin malami ne ya faɗi lokacin. "A nan ban zana ba domin sharaɗi ɗaya ne, da uku ne a sarƙe da na zana": wannan jumla ta daƙiƙa biyar ta mayar da tsallake mataki ya zama darasi. Malamin da ya ce kada a yi zane, kuma ba ya yi a ko'ina, yana kan daidaito. Wanda ake kuka da shi shi ne mai wajabta zane a darasi, ya watsar a warwara, bai ce uffan ba.

Ɗalibin ma yana da lokacin leƙa wani gida. In hanya ɗaya ta zauna masa, makinsa ya tsaya cak, kuma ya gano nau'in tambayar da ke kayar da shi, jin bayanin wani malami a kan wannan nau'in kaɗai yana da amfani, domin yanzu yana da abin da zai auna sabon bayanin da shi.

Tsohon bidiyo

Saura daidaito da zamani, wanda bincikensa ya fi sauƙi. Bidiyo ba ya tsufa a ido, jarrabawa kuwa ta sauya. A 2019 ta bar takarda ta koma kan allon kwamfutar hannu. A shekarar ce kuma LSAC ta sasanta ƙarar da Angelo Binno, wani makaho, ya shigar a kan sashen wasannin lissafin hankali, wanda kusan ba ya yiwuwa sai da zane, kuma a Agustan 2024 aka cire sashen gaba ɗaya. Darussan kyauta da Khan Academy ta fara da haɗin gwiwar hukumar a 2018 sun koma dandalin LawHub a 2024, tsofaffin jarrabawoyin atisaye kuma aka sake jera su da sababbin lambobi da suka fara daga 101. Bayanin hujja a tsohon bidiyo yana nan da amfaninsa. Shawarar rabon lokaci, da ta yin rubutu a gefen takarda, da ta cewa a fara da wasannin domin nan ne maki ya fi saurin hawa, duk sun zama tarihi. A duba ranar da aka ɗora bidiyo kafin a ɗauki irin wannan shawara.

Ko an dace da malamin da ke bin hanyarsa, bidiyo ba zai nuna wa ɗalibi inda shi kansa yake kauce mata ba. Wannan sai ya koma kan tambayoyin da ya amsa, kafin ya buɗe takardar amsoshi, ya sake yin su ba agogo, ya rubuta dalilin kowane zaɓi. 7Sage ne ya yaɗa wannan salon bita, kuma yadda ake yin sa, da yadda ake karanta tazarar da ke tsakanin makin agogo da makin natsuwa, shi ne batun babi na shida.